Kati ɗaya, likita ɗaya: zancen hawan jini a Legas

Mutanenmu na Agege, Idi-Araba da Mile 12 hanya biyu suka sani in jiki ya ƙi: kemis, ko kuma in abin ya yi tsanani a kwashi mutum sai LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas. Matakin tsakiya ake tsallakewa, wato cibiyar lafiya ta unguwa da likitan iyali da ke sashen marasa lafiya na waje a babban asibitin gwamnati, irin na Orile Agege ko Gbagada. A nan ake kama ciwo tun bai kwantar da mutum ba.

Hawan jini ya isa misali. Ba a yanke hukunci da awo ɗaya. Mutum zai zauna minti 5, bayansa a jingine, hannunsa a kan tebur daidai ƙirji, kuma bai ci goro ko ya sha taba ba cikin rabin awa. Ɗamarar awon ma sai ta dace da damtse. Ƙarama a kan hannu mai kauri tana nuna lamba sama da gaskiya. In an samu 140/90 ko fiye a ranaku daban-daban, sannan a ce akwai shi, a duba fitsari, suga da ƙoda.

Amfanin likitan da ya san ka yana fitowa ne bayan an fara magani. Amlodipine kan kumbura ƙafa, Lisinopril kan kawo busasshen tari, shi Lisinopril ɗin kuma ba a ba mai ciki. Wanda ba shi da likita tsayayye sai ya watsar da maganin ya koma kemis neman na tari, alhali sauya ƙwaya kawai ake bukata. Likitan zai kuma tambayi abin da ba a faɗa: Diclofenac ɗin da masu dako da 'yan acaɓa ke sha kullum don ciwon jiki yana ɗaga jini, yana cin ƙoda. Gishiri kada ya kai gram 5 a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙule da kanwa duk suna cikin lissafin.

Babbar ɓarakar ita ce tafiya gida. A je Arewa sallah ko noma, magani ya ƙare, a ce ai kai ba ya ciwo. Hawan jini ba lallai ya sa ciwon kai ba. Kafin tafiya a karɓi na watannin da za a yi, a riƙe takardar da ke ɗauke da sunan ƙwayar da ƙarfinta.

Wanda ya yi rajistar inshorar lafiya ta jihar Legas, Ilera Eko, yana zaɓar asibiti guda, daga can ake rubuta masa takardar turawa in ana bukatar ƙwararre. Amma in baki ya karkace, hannu ya mutu ko magana ta sarƙe, ba a jiran takarda: a kira 112 ko 767, ko a wuce babban asibiti nan take.