Dala biyar da ta ɓata mani bangon rami

Tun bayan gobarar da ta cinye azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai cikin Afrilun 2021, har yara aƙalla 20 suka rasu, babu uban da ke son ɗansa ya zauna cikin bukka da sunan karatu. Don haka ranar da aka ce za a gina ajin siminti a wata makarantar firamare da ke gefen garin Tawa, murna kowa ya yi. Ni ne na zo da abin da ya so ya ɓata murnar.

Maigadin makarantar, wani dattijo da kowa ke kira Baba, shi ya tsinto wani dunƙule baƙi mai nauyi, mai ƙofofi kamar saƙar zuma, a inda magina suka fara gwada ƙasa. Ya kai wa darakta, darakta kuma ya tuna cewa na karanci ilimin tonon kufai a Jami'ar Abdou Moumouni. Ina ɗauka na san kashin tama ne, wato dattin da ke saura in an narka dutse an fid da ƙarfe. Dokar kayan tarihi mai lamba 97-022 ta 1997 ta ce irin wannan sai an sanar da hukuma. Muka sanar, aka ba da izini, wani malamina na IRSH, cibiyar binciken tarihi da al'adu ta jami'ar, ya yarda ya riƙa duba aikin ta waya. Ɗan kwangila ya murtuke fuska ya ce, "Kwana tara na ba ku, Mushe. Na goma motar tsakuwa za ta shigo."

Muka kafa turaku, muka ja igiya, muka yanka murabba'i uku, kowane mita 2 a kan mita 2. Ƙa'idar aikin ita ce a bi ƙasa santimita goma-goma da cokalin magina da buroshi, a tankaɗe kowane bokiti a rariya, a zana duk abin da ya fito a inda yake kwance kafin a taɓa shi. Saman farko tarihin makarantar ne kanta: marafan biro, guntayen allo, maɓalli, da wata dala da ta yi kore. Ko ita dalar tana da amfani, domin ƙasar da ta rufe ta ba za ta girmi shekarar da aka buga a jikinta ba. Daga nan sai farin rairayi wanda iska ta tara, babu komai ciki. Kwana biyu muna kwasarsa, har na fara shirin rubuta cewa wurin wayam ne. Baba ya leƙo ya ce, "Ɗana, ƙara nitsawa. Kakana ya ce nan maƙera ka kwana da wuta." Na ƙara ne don kunyarsa kawai.

Kusan tsayin ƙugu ƙasa ta canza launi. Toka, gawayi, kashin tama birjik, da guntayen bututun yumɓu da ake zura wa tanda don iska ta shiga. Bakin ɗayansu ya narke ya yi ƙyalli kamar kwalba, shaidar irin zafin da ya sha. Akwai tsingaro kuma, wasu da zanen da maginiya ke yi in ta mirgina murɗaɗɗiyar igiya a kan ɗanyen yumɓu. Maƙeran Adar sun daɗe suna fid da ƙarfe daga dutsen ƙasarsu kafin tarkacen mota ya kashe sana'ar, amma jin labari daban, ganin toka a yatsunka daban.

Wautar tawa ta zo ran kwana na shida. Wani yaro ɗan aji uku ya miƙo mani tsingaro mai kyau da ya tsinta a bakin rami. Daɗi ya kama ni, na sa hannu aljihu na ba shi dala biyar. Washegari da sassafe na tarar da yara sun fi goma suna jirana da roba cike da tsingaro, suna washe baki. Ashe jiya da yamma sun haura, sun ƙwaƙule bangon ramin tsakiya da kara da ƙusa, bangon da ban riga na zana ba, wanda shi ne ke nuna wane shimfiɗin ƙasa ya riga wane. Gaba ɗaya abin da ke cikin robar nan ya zama bebe: ba wanda zai iya cewa wannan daga saman toka ya fito ko daga ƙarƙashinta.

Na zauna a kan bokiti ina tuna Bura, maƙabartar nan ta jihar Tilaberi da aka gano a 1975, masanin tonon kufai Boubé Gado ya tone ta a 1983. Bayan an baje kolin tukwanenta da mutum-mutuminta a Faransa, dillalai suka sa masu kuɗi, manoma suka bi kufai da diga suna fasawa. A aji mun sha zagin dillalan nan. Ga shi ni ma na buɗe kasuwa da dala biyar.

Ban daki kowa ba. Na saukar da su ramin da ya tsira biyu-biyu, na nuna masu layin fari da layin baƙi, na ɗora manyan a kan rariya, Baba kuma ya dawo da tabarmarsa bakin rami da dare. A ramin nan na uku muka ɗebi gawayin da za a auna shekarunsa da kabon 14, da bakin cokali, ba da hannu ba, muka naɗe a takardar alminiyon, muka rubuta zurfinsa.

Ran kwana na goma motar tsakuwa ta shigo kamar yadda aka ce. Gawayin da zane-zanen na kai su Yamai da kaina. Robar tsingaron tana ofishin darakta bisa kabad, da takardar da na manna mata: "Ba a san mazauninsu ba." Yaron nan ɗan aji uku har yau in ya gan ni sai ya tambaya ko ina saye.