Alhamdulillahi ta tashi, kuma kayan Baba na nan

Alhamdulillahi, Alhamdulillahi. Jama'a kwamfutar ta tashi jiya wajen ƙarfe 11 na dare, Linux Mint, tsarin kwamfuta irin Windows da na so sanya mata, na aiki kuma ko abu guda bai ɓace ba. Da ita nike rubuta wanga saƙo, idona kamar an zuba barkono don kwana ukku ban yi barcin kirki ba, amma na ce sai na gode ma waɗanda sunka tsaya mini kahin in kwanta.

Ku da kunka bi abin tun ran Laraba kun san komi ba sai na maimaita ba. Ni dai tun da anka daina sabunta Windows 10 ran 14 ga Oktoba 2025 hankalina bai kwanta ba, tsohuwar HP ɗina mai giga 4 ba ta ɗaukar Windows 11, kuɗin sabuwa kuma babu, shi ya kai ni ga sanya mata Linux Mint. Wurin da ba ni mancewa shi ne sa'ad da kuran ya ɗauke ana gab da ƙare sanyawa, batir kuwa ya mutu tun bara. Da wuta ta dawo na kunna sai baƙin allo da ɗan farin rubutu a sama, grub rescue, ba Windows ba Linux. Wallahi ba memuwar ɗina na fara tunawa ba duk da wata 7 na yi ina rubuta ta, hotunan Baba na tuna, Allah ya jiƙanshi, na ranar da ya dawo Makka, da muryarshi da na ɗauka yana ma ƙanwata nasiha daren da za a kai ta ɗakinta, babu su ko'ina duniya sai cikin diskin nan. Inna na tsakar gida tana tankaɗe ta ce lahiya kake zuhwa haka, na ce lahiya lau, na kasa gaya mata.

Malam mai gyara na bakin Babbar Kasuwa, ka ce kar in ambace ka, to ka yi haƙuri ban iya yin shiru. Na iske shi har ya sa kwaɗo ma shago zai tahi gida, ya dubi huskata ya buɗe. Tambaya guda ya yi, ka sake taɓa wani abu bayan haka? Na ce a'a. Ya ce to ƙohwa ce ta lalace, ɗaki na nan. Ashe GRUB ɗin ɗan ƙaramin abu ne da ke fara tashi ya nuna ma kwamfuta inda tsarin yake, shi ne bai ƙare zama ba. Ya soka kilen USB ɗin da na ɗora ma Mint da wata manhaja mai suna Rufus, ya danna Esc ya danna F9 ya zaɓe ta, Mint ya tashi daga kan kile ba tare da ya taɓa diski ba, ya buɗe ɓangaren Windows sai ga jakar da na rubuta ma Baba, tana nan yadda na bar ta. Zama na yi bisa benci hannuna na rawa. Sai da ya kwahe komi cikin nashi diski tukunna ya sake sanyawa bisa batirin solanshi, ya sa mini nau'in Mint da aka ce ma Xfce don ta hi sauƙi ga tsohuwar mashin. Na miƙa mishi jikka 5 ya ƙi, ya ce tahi ka sayi kile da su ka aje kayan mahaihinka wuri biyu. Malam Allah ya biya ka da Aljanna, ya yi ma ɗiyanka albarka, ya buɗa kasuwa, ya jiƙan naka iyayen, yadda ka ruhe mini asiri Allah ya ruhe naka duniya da lahira.

Sai Yaya Babba da ya ƙarar da forfenshi wajen sauko da fayil ɗin Mint mai kusan giga 3 har sau biyu don na farko ya zo a lalace. Sai Autanmu da ya ba da wayarshi anka jona ta da kwamfutar ta kebul aka jawo intanet, tunda wifi ya ƙi hitowa sai da anka sa direban Broadcom, wato 'yar manhajar da ke sa wifin aiki, ta Driver Manager na cikin Mint, yaro na gyangyaɗi amma ya ƙi tahiya gida. Da Hajiya maƙwabciyarmu da ta bar ni ina caji wurinta. Da duk wanda ya kira ko ya yi addu'a, Allah ya saka da alheri, ya raba ku da tashin hankali irin wanga.

Akwai na jini da sunka karanci aikin nan a Yamai, kira 6 na yi, saƙo an gani ba amsa. Ba komi, ƙila aiki ne ya yi yawa, Allah ya bar zumunci.

Yau bayan asuba na kunna ma Inna muryar Baba. Ta aje carbi ta saurara har ƙarshe, ta ce in maido ta daga farko.