Saƙon godiya bayan walimar sallamata daga aiki

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya ba ni rai da lafiya har na kai ga ritaya a fannin binciken abincin dabbobi da ingancin nama, ina miƙa godiyata ga duk waɗanda suka halarci walimar da abokan aikina da tsofaffin ɗalibaina suka shirya mini ranar Asabar da ta gabata a nan Maraɗi, haka kuma ga waɗanda uzuri ya hana su zuwa amma suka aiko da saƙo ko suka kira ta waya. Wasu sun taso tun daga Yamai da Damagaram da Tawa, wasu kuma sun ƙetaro daga Katsina. An yi ta yabona a wurin, alhali yawancin abin da aka yaba aikin mutane ne da ba su zauna a kujerun gaba ba, shi ya sa na ga wajibi ne in ambace su a rubuce.

Ina farawa da malamaina na sashen koyon aikin gona na Jami'ar Abdou Moumouni. Mu da muka ga farin 1973 da 1974 muna yara, muka kuma ga na 1984 da wayonmu, mun shiga wannan fanni ne da tambaya guda a rai: me ya sa dabba take yin ƙiba da damina da kaka, sannan ta zubar da ita kafin ruwan fari, ko da akwai kara jibge a gabanta? Su ne suka fahimtar da mu cewa busasshiyar ciyawa da karan hatsi suna cika tumbi ne kawai, domin idan sinadarin gina jiki da ke cikin abinci ya gaza kimanin kashi 7 cikin 100, ƙananan halittun da ke narkar da abinci a tumbin dabba ba sa iya aikinsu yadda ya kamata, sai dabbar ta rage ci, ta ci gaba da ramewa. A kan wannan darasi na gina duk abin da na yi daga baya. Waɗanda suka rasu a cikinsu Allah ya jiƙansu, waɗanda ke raye Allah ya ƙara musu lafiya.

Godiya ta musamman ga iyayenmu mata masu kiwon turke a ƙauyukan Tasawa da Mayahi da Gidan Rumji. Babu gwajin da zai yiwu ba tare da yardarsu ba. Mukan isa da sassafe, kafin a ba dabba abinci, mu rataya sikeli a reshen gawo, mu sa akuya ko rago cikin buhun da aka huda wa ƙafafu, mu ɗaga mu rubuta nauyi, ita kuwa mai dabbar tana tsaye tana lissafa mana abin da ta ba ta a makon: damin harawa kaza, tiyar dusa kaza, ƙasari, kowar wake, ƴaƴan gawo, da ɗan gutsuren kanwa. Matar da ta bari baƙo ya rataye ragon da take sa ran sayarwa kafin sallar layya, wanda da kuɗinsa za ta yi wa ɗiyarta kayan ɗaki, ta ba da amana mai girma, kuma ban taɓa ɗaukar wannan da wasa ba. Daga wurinsu muka tabbatar da cewa harawar da aka ajiye a inuwa tana riƙe ganyenta da korenta, wadda aka bari bisa rufin ɗaki rana tana dukanta kuwa ganyen ne ke fara kakkaɓewa, a bar wa dabba sanda. Da muka kawo musu dabarar jiƙa kara da takin yuriya, wato kilo 5 na taki a narke cikin lita 50 na ruwa a yayyafa wa kilo 100 na yankakken kara, a rufe da leda kimanin mako 3, sun yi mana tambayoyin da suka dace: ina za a sami ruwan da bazara, nawa ne kuɗin ledar, kuma me zai faru idan akuya ta lashi takin tsurarsa? Tambayar ƙarshe tana da muhimmanci, domin takin guba ne idan dabba ta ci shi haka nan, kuma karan da aka jiƙa da shi ba a ba doki ko jaki ko ɗan akuyar da bai bar nono ba. A ganina dabarar tana da amfani, amma sai inda ruwa yake kusa kuma mata suka haɗa kai suka yi ta tare.

Ina gode wa ma'aikatan cibiyar kiwon awaki ta Maraɗi, wadda tun 1963 take tsare irin jar akuyarmu, da na cibiyar INRAN, wato hukumar binciken aikin gona ta Nijar, da ke Tarna, da na tashar Tukunus inda ake kiwon shanun Azawak. Duniya ta san jar akuyar Maraɗi ne saboda fatarta, wadda fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita har Turawa suka ɗauka fatar Maroko ce. Amma abin da ke riƙe gida shi ne yawan tagwayen da take haifa, da nononta, da naman ƴaƴanta, kuma duk waɗannan suna raguwa da zarar abinci ya gaza.

Sai kuma mahauta, waɗanda rabin aikina a hannunsu yake. Ranka ya daɗe Sarkin Fawa, da kai da dattawan sana'arka na gode da tattakin da kuka yi. Kun buɗe mana mayanka tun kafin asuba, a lokacin da kowane mahauci yake sauri ya kai nama kasuwa kafin rana ta ɗaga, kuka haƙura muka riƙa auna gawar dabba muna soka allurar ma'aunin tsami a cinya da gadon baya. Abin da ma'aunin ke nunawa shi ne, naman dabbar da ta huta ta sha ruwa kafin yanka yana ƙara tsami, lambar ma'aunin tana saukowa daga kusan 7 zuwa wajen 5.5 cikin awa 24, kuma wannan tsamin ne ke ba nama launi mai kyau ya kuma jinkirta lalacewarsa. Dabbar da aka koro daga nesa, ko aka cuso a mota daga kasuwar Dakwaro da duka da ƙishirwa, ta riga ta ƙone sukarin da ke ajiye a tsokarta, don haka ma'aunin yakan tsaya sama da 6, naman ya yi duhu, ya bushe a ido, kuma ya yi saurin wari. Tun kafin mu zo da na'ura tsofaffinku sun san wannan. Wani dattijo a cikinku yakan danna nama da babban yatsa, ya dubi launinsa, ya ce mini wannan sa ya sha wahalar hanya, kuma idan na duba ma'aunin sai in tarar maganarsa ce. Haka nan idan ya shafa ƙugun rago da gindin wutsiyarsa da ƙirjinsa yakan faɗi naman da za a samu, wanda galibi kusan rabin nauyin dabbar ne, da ƙyar sikeli ya ƙaryata shi.

Masu kilishi na Gidan Rumji da Tasawa da Madawa su ma sun nuna mana sirrin sana'arsu, tun daga zaɓen tsokar cinya marar kitse, da feɗe ta siririya, da shanya, da tsomawa cikin labu, har zuwa gashi. Sun saurare mu a kan rufe shanya da raga saboda ƙuda da ƙura, da kuma guje wa tunkuzar da aka yi da gyaɗa mai hunhuna, domin gubar da hunhunar ke bari tana illa ga hanta kuma wuta ba ta kashe ta. Yanzu da aka yi wa kilishin Nijar rajista da sunan ƙasarsa a hukumar OAPI mai kare haƙƙin mallakar fasaha a ƙasashen Afirka, kula da waɗannan abubuwa ya ƙara zama dole.

Ban manta da makiyaya Fulani da Buzaye na Dakwaro da Bermo ba, waɗanda suka karɓe mu da ƙwaryar nono ko a shekarar 2010 da garkunansu ke zubewa saboda rashin ciyawa. Haka kuma direbobi da ma'aikatan ɗakin gwaji da masu kula da dabbobin gwaji, waɗanda sunayensu ba sa fitowa a kan takardun da muke wallafawa, duk da cewa su ne ke tashi cikin dare idan dabba ta kumbura.

Ga uwargida da yara, na gode da haƙurin da kuka yi da yawan tafiye-tafiyena, musamman a makonnin da ke gaban layya, lokacin da aiki yake raba ni da gida.

Ɗalibaina, musamman waɗanda ke koyarwa yanzu a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, kyautarku ta iso, kuma yaba kyauta tukwici. Akwai aikin da na bari bai ƙare ba, ina roƙonku ku ɗora: samar da ruwan sha da wurin hutu ga dabbobi a kasuwanni da bakin mayanka, da sanyaya nama a inda wutar lantarki ba ta da tabbas, da mayar wa masu kiwo da mahauta sakamakon bincike cikin Hausa ta gidajen rediyo, tun da da dabbobinsu aka yi shi. Littattafan da na rubuta awon dabbobi a ciki na damƙa su ga waɗanda suka gaje ni a ofis, kuma duk ɗalibin da yake buƙatar bayani a kansu yana iya samuna a gida bayan la'asar.

Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ba mu damina mai albarka.