Asabar da Katin Wi-Fi

Yinin yau gaba ɗaya ya tafi wajen haɗa kwamfutar teburin da nake buga takardu da ita da intanet. Tun da na mayar da ita ɗakin baya take zaune babu sadarwa, domin jan kebul daga rauta, na'urar da ke raba intanet, wadda ke falo zai sa sai an huda bango. Jiya na sayo katin Wi-Fi mai eriya biyu, irin wanda ake cusawa a ƙaramin gurbin PCIe da ke jikin babban allon cikin kwamfuta. Bayan karin kumallo na zare wayar wuta, na kwance murfin akwatin, na hure ƙurar hunturun da ta yi kauri a kan fanka, na danna katin har ya zauna daram, sannan na ɗaure shi da noti.

Da na kunna, babu alamar Wi-Fi ko kaɗan. Na buɗe Device Manager, inda Windows ke jera na'urorin da ke jikin kwamfuta, na tarar da katin a cikin na'urorin da Windows 10 bai gane ba, da alamar gargaɗi ruwan ɗorawa a kansa, lambar matsalar kuma Code 28 ce, wato ba a ɗora masa direba ba, manhajar da ke sa kwamfuta ta iya aiki da shi. Hankalina bai tashi ba, saboda hakan ya nuna aƙalla kwamfutar ta san an sa mata wani abu. Na saka ɗan faifan da ya zo cikin kwalin, na zaɓi direban da sunansa ya yi daidai da wanda aka buga a jikin kwalin, sai lambar ta koma Code 10, wadda ke nufin na'urar ta kasa tashi. Ƙanena da ke tsaye a bakin ƙofa ya ce, "Yaya, jabu aka sayar maka, a mayar musu da kayansu kawai."

Ban yi saurin yarda da shi ba, domin masu haɗa irin waɗannan katuna masu araha sukan canza cif ɗin da ke ciki, wato ɗan guntun lantarkin da ke yin ainihin aikin, su bar kwali da faifai yadda suke. Wanda zai faɗi gaskiya shi ne katin da kansa. A shafin Details na katin a Device Manager na zaɓi Hardware Ids, sai ga wannan layi: PCI\VEN_10EC&DEV_818B. Kashi na farko yana nuna kamfanin da ya ƙera cif ɗin. 10EC na Realtek ne, kamar yadda 8086 yake na Intel, 14E4 kuma na Broadcom. Kashi na biyu yana nuna samfurin, kuma da na bincika a wayata na ga RTL8192EE ne. Babu direbansa a faifan, duk da manyan fayilolin da aka cika shi da su, waɗanda yawancinsu na zamanin Windows 7 ne.

Saura yadda za a sauke direba a kwamfutar da ba ta da intanet. Na jona wayata da kebul, na kunna USB tethering, nan take kwamfutar ta hau datar wayar. Kafin na ɗora sabon sai da na cire na faifan, tare da sa alama a akwatin da ke goge fayilolinsa, don kada Windows ya sake dawo da shi. Ana cikin saukewa aka ɗauke wuta, sai bayan la'asar na ci gaba. Da na ɗora direban mai 64-bit, Restart na danna maimakon Shut down, saboda idan Fast Startup, tsarin da ke sa Windows saurin tashi, yana kunne, kashewar ba ta zama cikakkiya ba, kwamfutar takan adana yanayin direbobin ta farka da su yadda suke.

Alamar gargaɗin ta ɓace, sunayen hanyoyin sadarwar maƙwabta suka jeru. Daga cikin biyun da rautarmu ke bayarwa, na 2.4 GHz kaɗai ya bayyana, kuma wannan ba laifin direba ba ne, domin cif ɗin ba ya kama 5 GHz. A ɗakin baya ban ɗauki hakan asara ba, tun da 2.4 GHz ya fi ratsa bango.

Bayan magariba sadarwar ta katse lokacin da kwamfutar ta farka daga barci. Na shiga shafin Power Management na cire alamar da ke ba ta damar kashe katin domin tsimin wuta, na kuma janyo akwatin daga jikin bango, saboda eriyoyin suna maƙale tsakanin ƙarfe da siminti. Har zuwa yanzu da nake wannan rubutu ba ta sake yankewa ba. Na kwafi direban a filashi, na rubuta lambar cif ɗin da biro a cikin murfin kwalin. Gobe in Allah ya kai mu zan nemi eriya mai doguwar waya wadda zan iya ɗorawa a saman tebur.