Shekara dubu goma: daga Beijing zuwa Seoul da Tokyo

A Beijing na fara tafiyar. A Ƙofar Tiananmen, dama da hagu na hoton Mao, akwai dogon rubutu fari a kan ja, kuma kowanne ya ƙare da haruffa biyu iri ɗaya: wansui, wato shekara dubu goma. Ɗaya fatan daɗewa ne ga Jamhuriyar Jama'ar Sin, ɗayan ga haɗin kan mutanen duniya. A zamanin sarauta babban sarki kaɗai ake yi wa wannan fata. Matarsa da 'ya'yan sarki qiansui ake ce musu, shekara dubu.

A nan Bahaushe zai iya zamewa. Mu "ranka ya daɗe" ta isa ga sarki, alƙali, malami da maigida, amma a can ba a tarar dattijo da wansui. Ranar zagayowar haihuwarsa sai a ce masa shou bi nan shan, ransa ya kai na Dutsen Kudu, a ɗora masa kwanon doguwar taliya wadda ba a gutsuttsura ta ba. Kada ka kai masa agogon bango tsaraba, domin a bakinsu "ba da agogo" da "raka mamaci" sauti ɗaya ne.

Kimanin awa biyu a jirgi na sauka Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, inda haruffan nan biyu suka koma manse. A lambun Tapgol aka karanta shelar neman 'yanci daga Japan ranar 1 ga Maris 1919, jama'a suka ɗauka da "Daehan dongnip manse", wato 'yancin Koriya ya yi shekara dubu goma. Na daɗe gaban allunan tagulla da ke wurin, mutane hannuwa sama, sojoji sun yi musu ca. Sarakunan Joseon, daular Koriya ta dā, kuwa shekara dubu ce rabonsu, don suna kai gaisuwa Sin, sai a 1897 da sarkinsu Gojong ya zama babban sarki. Dattijo a nan mansu mugang haseyo ake ce masa, wato fatan tsawon rai marar iyaka.

A Tokyo haruffan nan biyu banzai ake karanta su. Ranar 2 ga Janairu ana buɗe fadar sarkin Japan, a bi ta gadar Nijubashi riƙe da 'yan tutocin takarda, sarki ya fito bayan gilashi. Mutum ɗaya ke jan banzai, saura su amsa, sau uku, kowane karo hannu biyu sama. Haka ake yi idan ɗan takara ya ci zaɓe. Amma ka bar ta a Japan: a Seoul da Beijing yaƙi da mamaya take tuna wa tsofaffi.