Buhunan Bayan Madafi

Ranar da na manna jadawalin girki a bangon madafi, Dada ta tsaya ta daɗe tana kallonsa duk da ba ta karatun boko. Can ta ce, "Wannan kuma layar mece ce?" Na ce, "Dada, tsarin abincin mako ne. Litinin kaza, Talata kaza, har Lahadi." Ta gyara mayafinta ta ce, "To, Allah ya sa kasuwa ta iya karatu."

A watan Yulin 2023 ne wannan, wata ɗaya da 'yan kwanaki bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu. Litar da gwamnati take sayarwa ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, komai ya bi ta. Kuɗin cefanen da Abban yara yake ajiye mini a kan firji kowace safiya bai canza ba, amma ledar da almajirinmu yake dawowa da ita daga kasuwa kullum ƙanƙancewa take yi. Ni kuma na ɗauka rashin tsari ne yake cin kuɗin, shi ya sa na zauna da rula da jan biro na zana gidaje 21, safe da rana da dare, na cika su da abin da raina yake so.

Kwana tara jadawalin ya yi. Ranar da ya ce shinkafa da miyar tumatir, tumatirin ya fi ƙarfin aljihu. Ranar da ya ce alale, babu wuta a wajen mai niƙa. Yara kuma sun haddace shi sun mai da shi doka, sai ka ji, "Umma, ai yau taliya aka rubuta!" Na cire shi na hura gawayi da shi.

Gidanmu yana Tudun Wada a cikin garin Gombe, tsakar gidan duk siminti ne, in ban da wani lungu tsakanin madafi da katanga inda muke jibge tarkace. Ƙasar wajen yashi ce, irin wadda ruwan sama ɗaya yake kwashewa, duk wanda ya san kwarurrukan da zaizaya ta haƙa a garin nan ya san abin da nake faɗa. Don haka ban haƙa komai ba. Na samo buhunan taki da na siminti guda 12, na wanke, na huhhuda gindinsu da ƙusa mai zafi, na zuba tsakuwa a ƙasa, sannan na cika da ƙasa da taki.

A nan na fara cin karo. Muna da kaji bakwai a lokacin, sai na ce ga taki kyauta a akurki, me zai sa in saya. Na share kashin kajin ɗanye na juye a buhuna huɗu, na dasa tattasai da attarugun da na sayo 'yan dashe. Kwana uku ganyen ya ƙone daga baki kamar an kara masa wuta. Wani dattijo mai lambu daga wajen Daɗin Kowa, wanda yake kawo mana ganye a kan babur, shi ya duba ya yi dariya. Ya ce, "Hajiya, kashin kaza wuta ne. Sai ya kwana biyu a rami ya huce, ya daina wari, ya koma baƙi kamar ƙasa." Kwana biyunsa ashe wata biyu zuwa uku yake nufi. Tun daga nan nake da rami a kusurwa, ina zuba sharar akurki da ɓawon kayan miya da busasshen ganye, ina ɗan yayyafa ruwa, ina juyawa duk mako biyu.

Shi ne kuma ya hana ni wahalar da kaina da tumatir a damina. Ya ce laima da cuta ba sa barinsa, in jira sanyi. Ya ba ni irin alayyahu a ƙullin takarda, ya ce in gauraya shi da yashi kafin in watsa, don ƙwayarsa ƙanana ce, in ba haka ba wuri ɗaya za ta taru. Na jiƙa irin kuɓewa ya kwana a ruwa. Na shuka yakuwa da rama da lalo, na binne ƙwayar zogale a jikin katanga, na jefa 'ya'yan kabewa uku kusa da akurki ba tare da na sa musu rai ba.

Alayyahu ne ya fara biyana. Bai cika wata ɗaya ba na fara yanka, kuma in ka yanke sama ka bar gindin, sake tofowa yake yi. Kuɓewa ta ɗauki kusan wata biyu, amma da ta fara sai ta zama kamar mai bin bashi: in ka yi kwana uku ba ka leƙa ta ba, ta ƙosa ta zama itace, wuƙa ma ba ta shigarta. Zogale kuwa na bar shi yana ta miƙewa kamar sanda ina jin daɗi, sai da Dada ta zo ta kama kansa ta karye da hannunta. Na kusa yin kuka. Bayan mako biyu ya fitar da rassa biyar daga inda ta karya, ganyen ya sauko inda hannu yake kaiwa.

Ruwa ne babban kuɗin lambu a Gombe, ba iri ba. Famfon layinmu sai ya ga dama yake zuwa, rabin shekara a hannun 'yan ga-ruwa muke. Na ajiye tsohon baho a inda muke alwala, wani kuma a bakin madafi don ruwan wankin shinkafa da na ganye. Waɗannan biyun suna ba ni kusan bokiti uku a rana. Ruwan wanki mai omo na gwada sau ɗaya a buhun lalo, ya yi rawaya ya kwanta, ban ƙara ba. Na kuma koyi rufe bakin buhu da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa, sai ƙasar ta riƙe danshi har washegari.

A watan Satumba aka zo maganar makaranta. Kuɗin zango ya tashi, kuɗin Keke Napep mai kai su ya ninka. Muka zauna da Abban yara muka yi lissafi har dare ya raba. Babbar tana aji 5, jarrabawar shiga sakandare tana gabanta, ba a taɓa ta. Na tsakiyan mai shekara 7 da Auta mai shekara 4 na ce a bar mini su shekara ɗaya, tunda ina da NCE kuma na yi koyarwa kafin aure. Bai so ba. Ya tuna mini cewa tun 2004 doka ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9 na farko, kuma shi ba ya son a ce ɗansa yana zaune a gida. Muka yi sharaɗi: shekara ɗaya tak, Islamiyyar yamma ba fashi, kuma duk ƙarshen wata shi zai yi musu jarrabawa da kansa.

Irin kuskuren jadawalin girki na sake yi, ban ankara ba. Na ɗauko makaranta ɗungurungum na kawo tsakar gida: ƙarfe takwas zuwa ɗaya, darasi shida, har da murfin tukunya da nake bugawa a matsayin ƙararrawa. Mako biyu ina tsawa, yaro yana hawaye, Auta yana ƙarƙashin tebur yana wasa da mage, tuwo yana kamawa a tukunya. Abin da malamar aji take yi a awa biyar da yara 40, uwa mai yara biyu ba ta buƙatar ko awa biyu a kansa. Na mayar da zaman awa ɗaya da rabi bayan karin kumallo, karatu da rubutu da lissafi kawai. Na kuma koma fara masa karatu da Hausa, don na gano Turancin da yake rerawa haddar baka ce, in na rufe hoton littafin ba ya iya haɗa baƙi da wasali.

Sauran karatun a bayan madafi aka yi shi, kuma ba ni na tsara ba. Wata baƙar kazarmu ta kwanta a kan ƙwai 11 a cikin tsohon kwando. Na ce masa kwana 21 take yi. Bai yarda ba, ya ce ta ina kaza ta san lissafi. Ya ɗauki gawayi yana jan layi ɗaya a bango kowace safiya, yana ɗaure su biyar-biyar. Ranar layi na 20 da yamma ya shigo a guje, ya ce ƙwai yana kuka. Muka je muka tsuguna, na ɗaga gefen fiffikenta tana saran hannuna, sai ga ɗan tsagi a jikin ƙwai ɗaya da bakin tsako yana motsi a ciki. Washegari tara suka fito, biyu suka yi bara-gurbi. Da kansa ya rubuta a littafinsa, 11 a cire 2 saura 9, ya zana kaza a ƙasa mai ƙafa huɗu.

Daga nan na ba shi littafin lambu. Shi yake rubuta ranar shuka, yake auna tsawon kuɓewa da rula duk Asabar. Auna hatsi ma ya koma hannunsa. Wata rana ya ƙirga gwangwanin madara nawa ne yake cika mudunmu, ya aro na maƙwabciya ya ƙirga, ya tarar ba ɗaya ba ne. Ya zo yana tambayata wane ne mai gaskiya. Na ce ya bari Abbansa ya dawo.

Magen, tunda na ambace ta, ɓeraye ne suka kawo ta gidan. Sun huda mana buhun masara, ban kuma son sa guba saboda Auta da kaji. Ta yi aikinta, amma ta mai da buhunan shuka gadon barci, wani lokacin ma ban-ɗaki. Tsinken tsire na soka a tsaye cikin kowane buhu, ta haƙura. Ƙadangarun da suke cinye 'yan tsiro ma sun rage sintiri saboda ita. 'Yan tsaki kuwa ba ta taɓa ko ɗaya ba, shirwa ce ta ɗauke mana biyu.

Hunturu ya zo da abin da ya fi ƙona mini rai. Na sayo zakara a kasuwa a watan Disamba na sake shi cikin kajina a ranar. Kafin mako ya zagayo sun fara gyangyaɗi, suna zawo kore, wata wuyanta ya murɗe tana kallon sama. Na ba su barkono da toka a ruwa, na ba su jan kafso, duk abin da aka faɗa mini. Cikin kwana goma daga 14 saura uku. Likitan dabbobin da na je wurinsa daga baya ya ce annobar nan ce da take bin kajin gida duk sanyi, ba ta da magani in ta kama, sai rigakafi, ana ɗiga musu a ido ko a sa a ruwan sha, a maimaita bayan 'yan watanni, kuma a Vom ta jihar Filato ake yin sa. Ya ce sabuwar kaza a ware ta mako biyu kafin a haɗa. Yaron bai ci abinci ba ranar da baƙar kazar ta mutu. Layukan gawayinsa suna nan a bangon, na hana a goge.

Shi tsarin abinci a hankali ya dawo, amma ta bayan gida ya shigo. Yanzu abin da na kafa shi ne gindin abincin kawai: tuwo dare huɗu a mako, wake sau biyu, shinkafa sau biyu, ranar Juma'a masa da miyar taushe. Miya da mahaɗi ba na rubuta su sai ranar Alhamis da yamma, bayan na zaga buhunan na ga abin da ya isa yanka, na kuma ji farashin kasuwa. In yakuwa ta yi yawa, fate da miyar gyaɗa. In zogale ne, dambu ko kwaɗo da ƙuli-ƙuli. In kuɓewa ta fi ƙarfinmu, a yanka a shanya. Ganye a inuwa nake busar da shi, rana tana cinye masa launi da ɗanɗano.

Abu biyu ne suka fi lambun kansa rage mana kashe kuɗi. Da kaka Abban yara ya sayo masara da wake a Tudun Hatsi, na shanya waken ya bushe ƙarau, na ɗura a jarkoki har baki na toshe murfin da leda. In iska ba ta shiga, ƙwaro ba ya rayuwa, ba sai an sa magani ba. Sannan lokacin da tumatir ya yi araha a ƙarshen sanyi, muka haɗa kuɗi da maƙwabta biyu aka sayo mana kwando a kasuwar Kwadon, na yanka na yi kauɗa a kan rufin kwano. Da tsadar tumatir ta zo a watannin Mayu da Yunin 2024, har mutane suna miya da karas da gauta, ni jiƙa kauɗata nake yi in niƙa. Buhuna 12 ba sa ciyar da gida mai mutum shida, kada wani ya ruɗe ki. Ganyen miya suke ɗauke miki, da ɗan attarugu, shi ke nan. A zafin Maris da Afrilu ma, lokacin azumin 2024, rabinsu na bari suka bushe don ruwan ya fi ganyen tsada.

Yaron ya koma makaranta a Satumban 2024 kamar yadda aka yi alkawari. Gwajin da suka yi masa ya wuce a karatu da lissafi, amma malamarsa ta ce ba ya ɗaga hannu, kuma in an taɓa masa fensir sai faɗa. Shekara guda ba shi da abokin gardama sai ƙaninsa da mage, wannan kuwa ba abin da zan iya ba shi ba ne a tsakar gida. Sai da zango ya kusa ƙarewa ya saki jiki.

Littafin lambun har yanzu a hannunsa yake, in ya dawo kafin ya cire kayan makaranta yake leƙa buhunan. Kabewar nan da na jefa ba da niyya ba, jikokinta ne yanzu suka haye rufin akurki. Alhamis ɗin da ta wuce ina tsaye da alli a gaban allon da ya maye gurbin takardar, Dada ta leƙo ta ce, "Yau me layar ta ce?" Na ce, "Ba ta ce komai ba tukuna, Dada, ina jiran yaron nan ya hau ya ga ko kabewar ta ƙosa." Ta ce in ta ƙosa a ajiye mata 'ya'yan, za ta aika wa ƙanwarta a Kumo.