Jerin Sunayen da Ya Ba Ni Kunya a Gidan Rediyo

A watan Fabrairun 2013 ina sabon ɗauka a sashen wasanni na wani gidan rediyo, aka miƙo mini labarin tseren motoci na Daytona 500, wanda ake yi a jihar Florida ta Amurka. Abin da ya sa muka kula shi ma, mace ce, Danica Patrick, ta fi kowa sauri a gwajin gudu, karo na farko a tarihin tseren. Ni kuwa ban da ƙwallon ƙafa ba abin da na sani.

Na samo jerin sakamakon gwajin, na karanto wa masu sauraro cewa ga yadda motocin za su jeru ranar tsere, na ɗaya har na goma. Ina fitowa edita ya tsare ni a bakin ƙofa.

"Kai yaro, wa ya ce maka jerin tashi ke nan?"

"Ranka ya daɗe, ai haka yake a rubuce."

Ya ce in je in karanta ƙa'idar NASCAR, hukumar da ke shirya tseren, in dawo. Ashe gwajin nan da kowace mota ke yi ita kaɗai gurabe biyu kacal yake rabawa nan take, wato sahun gaba (motocin bibbiyu suke jeruwa): Danica da Jeff Gordon. Yawancin sauran sai ranar Alhamis, a wasu gajerun tsere biyu na mil 150 kowanne. Waɗanda suka zo na ɗaya, na uku, na biyar a gwaji su shiga na farko, masu na biyu, na huɗu, na shida su shiga na biyun. Sakamakon na farko ya tsara layin ciki, na biyu ya tsara layin waje. Kevin Harvick da Kyle Busch suka ci, su suka tsaya a sahu na biyu. Sunaye takwas cikin goman da na karanto, shaci-faɗi na yi da murya mai ƙarfi.

Da na zauna da ƙa'idar sai na ga hikimarta. Filin Daytona mil biyu da rabi ne, ana zagaya shi sau 200, kuma motocin a cunkushe suke gudu, hancin wannan a gindin waccan, ta gaba na tsaga wa ta baya iska. Saurin mota ita kaɗai daban, iya kutsawa cikin garke daban. Shi ya sa tun Dale Jarrett a 2000 har zuwa 2025 babu wanda ya tashi daga gurbin farko ya ci tseren. Ita ma Danica ta takwas ta ƙare, Jimmie Johnson ya ɗauki kofin.

Kuma ko an gama jerin bai zauna ba. Wanda ya fasa motarsa ranar Alhamis ya ɗauko ta ajiya, can baya za a mayar da shi. A 2016 aka kawo tsarin da ya ba motoci 36 tabbacin shiga, aka rage yawan masu tashi daga 43 zuwa 40, saura gurabe huɗu ake kokawa a kai. A ganina wannan ya rage wa ranar Alhamis armashi.

Washegarin ranar da na yi kuskuren, ni da bakina na karanta gyaran, edita yana tsaye bayan gilashi da kofin shayinsa.